Wata biyar muna wasa, ni kaɗai na san labarin

Assalamu alaikum Yaya. Ni nake jagorantar wasan labari na kan tebur, irin wanda kowa yake ɗaukar jarumi guda yana yi masa magana da yanke masa shawara, ana jefa dayis don a ga ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Mu shida ne, ni da abokaina biyar, muna zama duk bayan mako biyu, yau wata biyar ke nan. Na hana idona barci ina tsara labarin. Wani birni ne da rijiyoyinsa suke ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, ashe ma'ajin sarki ne yake karkatar da ruwan ta wata tsohuwar hanya ta ƙarƙashin ƙasa, don mutanen unguwar gabas su tashi ya mallake wurin, saboda akwai abin da aka binne a can. Na zuba alamu ko'ina. A zaman da ya wuce suka ritsa ma'ajin da kansa a bakin ramin cikin dare, sai ɗayansu ya dube ni ya ce, "Wai shi wannan wane ne?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Da na yi ƙorafi, wata a cikinsu ta ce ita tun zama na uku ta daina gane abin da ake ciki, hira da faɗa da dodanni ne suke kawo ta. Ina jin kamar ba su ga wahalata ba. In zaunar da su in warware musu komai, ko in rufe wasan in huta?

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kada ka rufe wasan. Mutum biyar da suka ware maka yammacinsu har sau goma a jere, alhali ba su ma gane labarin ba, ba raina ka suka yi ba. Akwai abin da suke samu a teburinka da yake dawo da su. Ita kuwa wadda ta buɗe baki ta gaya maka inda zaren ya kuɓuce mata, ta yi maka abin da ba kowa yake yi ba, domin yawancin 'yan wasa gyaɗa kai suke yi su yi shiru don kada su ɓata wa jagora rai. Na san zafin da ka ji, na kuma yarda ka sha wahala. Amma bari in nuna maka yadda labarin nan yake daga kujerar da suke zaune, domin daga can abin ya sha bamban da yadda kake ganinsa.

Kai kana tare da ma'ajin nan kwana 14 tsakanin zama da zama. Kana tunaninsa a hanya, kana gyara masa dalili kafin ka kwanta, ka san fuskarsa da muryarsa da abin da yake tsoro. Su kuma awa uku ko huɗu suke da ita, ta kunne kaɗai, a cikin hayaniyar dayis da lissafin maki da dariya. Ka zauna ka ƙirga da gaskiya sau nawa sunan ma'ajin ya fito daga bakinka a gabansu. Ina kyautata zaton ba zai wuce biyu ko uku ba, kuma idan aka haɗa duka ba zai cika minti biyu ba, wata uku da suka wuce. Mai karanta littafi yana iya komawa baya ya duba shafi. Mai kallon fim yana ganin fuska, ya gane ta idan ta sake fitowa. Ɗan wasan tebur ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun nan. Abin da ka faɗa sau ɗaya ya wuce da iska. Kana ganin alamunka kukan kurciya ne, jawabi ga mai hankali, su kuma tsuntsu guda suka ji yana kuka a cikin tsuntsaye ɗari, ba wanda ya ce musu wannan ne ya kamata su saurara.

Na taɓa yin irin wannan, kuma har yau ina tuna yadda ya ƙare. Na ɓoye wasiƙar da take ɗauke da sirrin labarina duka a ƙasan wani akwati mai ɓoyayyen gindi. 'Yan wasana suka shiga ɗakin, ɗaya ya ce zai bincika, ya jefa dayis ya samu 4, lambar da ba ta kai abin da ake bukata ba. Na ce masa bai ga komai ba, domin haka doka ta ce. Zama huɗu suka yi suna yawo a cikin duhu, ni ina jin haushinsu, su suna jin kunyar tambaya, har mutum biyu suka fara kawo uzuri. Sai daga baya na gane cewa ni na kulle ƙofa ɗaya tilo da take shiga labarin, na jefa makullin a rijiya.

Masu wannan wasa sun daɗe da cin karo da matsalar, har sun yi mata magani iri-iri. Wani marubuci Ba'amurke mai suna Justin Alexander ya rubuta wata ƙa'ida a 2008 wadda ta bazu sosai, ana kiranta ƙa'idar alamu uku. Abin da take cewa shi ne, duk wata gaskiya da kake so 'yan wasa su gano, ka tanadar mata aƙalla alamu uku, domin mai yiwuwa ta farko ta wuce su, ta biyu su gan ta su share, ta uku su yi mata wata fassara. Lissafin ma yana bayan maganarsa. Dayis mai fuska 20, idan ana bukatar 11 ko sama, rabi da rabi ne. Alama ɗaya ke nan tana iya ɓacewa sau ɗaya a cikin 2. Idan uku ne a wurare dabam-dabam, yiwuwar a rasa su duka ya koma ɗaya a cikin 8.

Ka ce ka zuba alamu ko'ina, na yarda. Amma ka ɗauki takarda ka rubuta jimla guda, "ma'aji ne yake karkatar da ruwan", sannan a ƙarƙashinta ka jera alamun da suke nuna wannan jimlar kai tsaye waɗanda ka tabbata sun shiga kunnensu. Sau da yawa jagora yakan tarar alamunsa 20 sun rarrabu a kan gaskiya 15, kowace ta samu ɗaya da ɗan ɗori. Kuma ka sa su zama iri dabam-dabam. Ɗaya ta zama abin gani, kamar hatimin baitulmali a jikin buhunan da maginan ramin suka bari. Ɗaya ta zama bakin mutum, kamar mai haƙa rijiyar da aka biya shi ya yi shiru, lamirinsa ya hana shi barci. Ɗaya ta zama takarda, kamar rajistar gidajen unguwar gabas da aka saye su duka da sunan ƙanin matar ma'aji. Wanda ba ya riƙe magana zai riƙe hatimi.

Akwai wanda ya wuce nan. Robin Laws, ɗan ƙasar Kanada, ya ƙirƙiro tsarin wasa mai suna GUMSHOE a 2006, kuma ginshiƙinsa shi ne ba a jefa dayis a kan alamar da labari ba zai ci gaba ba sai da ita. Idan jarumi ya je wurin da ya dace, yana da ƙwarewar da ta dace, ya ce zai duba, to ya samu. A ganinsa daɗin bincike yana cikin haɗa alamu a gane ma'anarsu, samo su kuwa share fage ne. Ba sai ka canza tsarin da kuke wasa da shi ba kafin ka ari wannan. Ka bar dayis ya yanke hukunci a kan ƙari: wanda ya jefa babba ya samu wasiƙar ya kuma gane rubutun wane ne, wanda ya jefa ƙarami ya samu wasiƙar amma mai gadi ya ji motsinsa. Ko ta yaya wasiƙar ta shiga hannu. Da na san wannan a lokacin akwatina da ban rasa mutum biyu ba. Wani marubucin, Mike Shea, dabararsa ita ce ya rubuta sirrika 10 kafin kowane zama ba tare da ya ɗaure su a wani wuri ba, duk inda 'yan wasa suka sa ƙafa sai ya ajiye musu ɗaya a can.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Lokacin da abokinka ya ce "wai shi wannan wane ne", ɗan wasa ne ya manta, jaruminsa bai manta ba. A cikin labari wataƙila kwana shida ne kacal da jarumin ya tsaya a gaban ma'ajin a fada, ya ga zoben da yake hannunsa, ya ji yadda ya yi wa talakawa alkawarin ruwa. Mutumin da yake zaune a birnin da ƙishirwa take kashe mutane ba zai manta wannan fuskar ba. Saboda haka amsar da ta dace a wannan daren ita ce ka ce, "Jaruminka ya gane shi nan take. Ma'ajin sarki ne, wanda ya rantse muku a fada cewa bai san komai a kan rijiyoyin ba." Jimla biyu, kuma da teburin ya ɗauki wuta. Ba ha'inci ba ne ka tuna musu abin da jarumansu suka sani. Kai ne idonsu, kai ne kunnensu, kai ne kuma ƙwaƙwalwarsu a wannan duniyar. Jagorori da yawa suna riƙe bayani kamar dukiya, suna jiran a roƙe su, suna ganin wanda bai rubuta ba shi ya jiyo. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Wasa aka zo yi, ba jarrabawa ba.

Haka kuma ka rage hannunka mai sanda. Abin da kake jin ya yi tsirara da yawa, har kana jin kunyar faɗarsa, a kunnensu shi ne daidai. Idan mai haƙa rijiya zai yi magana, kada ya ce "akwai manya a cikin lamarin nan". Ya ce "ma'aji ne ya biya ni". Kada ka ji tsoron sirri zai ƙare, domin sanin wanda ya yi abu somin-taɓi ne. Saura me ya sa, saura yadda za a tabbatar wa sarki, saura abin da za a yi da mutumin da yake riƙe da albashin dakarun birni. Su kuma alamun ƙarya da ake sakawa don ɓad da sawu, ka ajiye su gaba ɗaya a yanzu. 'Yan wasa da kansu suke ƙera wa kansu isassu, za su zargi mai sayar da igiya saboda kawai ka yi tari lokacin da kake magana da muryarsa.

Sunaye ma ka rage. Ban san mutum nawa ka raɗa wa suna a birnin ba, amma wanda ya hana idonsa barci yakan wuce 20. Ka zaɓi biyar ko shida da labarin yake tsaye a kansu, ka ba kowanne abu guda da za a riƙe shi da shi, ma'aji mai zoben azurfa da yake juyawa idan zai yi ƙarya, tsohuwa mai tari, kwamanda mai ido ɗaya. Ka rubuta kowane suna a ɗan kati da wannan siffar da jimla guda a kan abin da aka sani game da shi, ka baje su a tsakiyar tebur. Duk sanda mutum ya shigo labari ka ɗaga katinsa. Gani ya kori ji. Za ka ga da kansu sun fara tura kati kusa da kati suna cewa wannan da wannan bakinsu ɗaya.

Waiwaye adon tafiya, kuma a wannan wasan ya wuce ado. Ka buɗe kowane zama da shi, amma su za su fara. Ka ce wani ya ba da labarin inda aka tsaya, kai kuma ka yi shiru ka saurara da kyau, domin a nan za ka ji labarin da yake cikin kansu, wanda shi ne ainihin wanda ake bugawa. Abin da suka ambata ya shiga. Abin da suka tsallake bai shiga ba, komai yawan shafukan da ka rubuta a kansa, sai ka sake aiko shi ta wata hanya. Idan sun gama sai ka ɗora naka a taƙaice: ga inda kuke, ga abin da kuke nema, ga abin da ya tare muku hanya. Idan ka kasa faɗar waɗannan ukun a numfashi uku, to labarin ne ya cukurkuɗe, sai ka sassauta shi.

A wajen sauraron nan ka bambance abu biyu. Idan sun ji maganarka ba daidai ba, misali suna zaton ka ce ramin yana yamma alhali gabas ka ce, gyara nan take, kada ka bari su ɓata awa guda a kan kuskuren kunne. Idan kuwa sun ji daidai amma suka yanke hukuncin da ba shi ba, suka ce kwamanda ne mai laifi, wannan haƙƙinsu ne. Ka bar su su bi shi, duniya ta nuna musu.

Akwai wani abu a wasiƙarka da ya tsaya mini. Ka ba ni labarin ma'aji da ramin da abin da aka binne, amma ba ka ambaci jarumi ko ɗaya daga cikin biyar ɗin ba. Ina zargin a nan babbar ɓarakar take. Mutum yana riƙe labarin da ya shafe shi. Rijiyoyin birni suna ƙafewa, to, abin tausayi ne. Amma rijiyar gidan mahaifiyar jarumar ƙawarka ta ƙafe, wani ya zo da takarda yana tayin sayen gidan da araha, tsohuwa tana kuka tana cewa a nan aka haife ta, wannan ba ya bukatar kati. Ka tambayi kowannensu wa jaruminsa yake ƙauna a birnin nan, wa yake binsa bashi, me yake tsoron rasawa, sannan ka sa hannun ma'aji ya taɓa waɗannan abubuwan. Za su nemi sunansa da kansu.

Kuma ka sa shi ya motsa. Mugun da yake zaune a ɓoye yana jiran a gano shi, ba a ganinsa. Ka rubuta abin da yake so da matakan da zai bi idan ba wanda ya tare shi: ya ƙafar da rijiya, ya sayi gidaje, ya sa a kama mai haƙa rijiya, ya rushe unguwa, ya tono abin. Kowane zama ya taka mataki guda a inda za su gani. Wasan Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017, yana amfani da wani zane mai sauƙi, da'ira da aka yanka gida 4 ko 6 ko 8, ana cike gida guda duk sanda haɗari ya matso. Ka zana irinta a gabansu, ka rubuta "unguwar gabas ta tashi" a kanta, ka cike gida uku. Ba wanda zai sake tambayarka me ake ciki. Ka kuma tuna cewa lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a 1974, abin da jagora yake zuwa da shi galibi taswirar kurkuku ce ta ƙarƙashin ƙasa da abin da yake cikin kowane ɗaki. Labari shi ne abin da ya faru bayan 'yan wasa sun shiga. Idan ka zo da hali da mutane masu buri, ka bar ƙarshen a buɗe, abokanka za su gane labarin domin da hannunsu aka saƙa shi.

Game da ƙawarka mai son faɗa da dodanni, kada ka ɗauke ta a matsayin wadda ta gaza. Mutane suna zuwa tebur da buƙatu dabam-dabam, wani bincike, wani faɗa, wani magana da muryar jaruminsa, wani zama da abokai kawai, kuma dukansu halal ne. Ba dole mutum biyar su riƙe kowane zare ba. Biyu sun isa su riƙe dalla-dalla, muddin kowa ya san jimla guda ta abin da ake nema. Ita kuma ka kai mata labarin inda take. 'Yan daban da za ta kayar a ramin su kasance da sabbin tsabar kuɗi masu hatimin baitulmali a aljihu, na ƙarshensu ya roƙi rai ya ce zai faɗi wanda ya aiko su. Sai ta zama ita ce ta kawo wa sauran bakin zaren, kuma wanda ya samo abu da takobinsa ba ya mantawa da shi.

To, ka zaunar da su? E, amma na minti 15, a farkon zama mai zuwa, kafin a taɓa dayis. Ka fara da gaya musu gaskiya ba tare da zargi ba, cewa ka ji ba daɗi a wancan daren domin labarin yana da muhimmanci a wurinka, kuma ka gane akwai wuraren da ba ka fito da abubuwa fili ba. Abokanka ne, za su karɓa. Daga nan ka baje katunan, ka bi abin da jarumansu suka riga suka gani da idonsu, ɗaya bayan ɗaya, ka bar su su yi tambaya ko wace iri ba tare da ka nuna mamaki a fuska ba. Abin da aka binne a ƙarƙashin unguwar kada ka faɗa, wannan nasu ne su tono.

Kuma ka lura da inda aka tsaya. Ma'aji yana hannunsu, a bakin rami, cikin dare, ba dakarunsa. Mutum ne da yake da abin faɗa kuma yake son ya tsira. Ka bar shi ya yi magana. Ya juya zobensa ya musa, su nuna masa hatimin, ya sauya murya ya yi musu tayin kaso, ya ce ba shi kaɗai ba ne, ya ambaci gidan tsohuwar nan ya ce zai bar mata shi idan suka sake shi kafin asuba. Daga nan ka rufe bakinka, ka dubi abokanka, ka tambaye su me za su yi.